Zaren da Baba Ya Ɓoye a Gwangwani

Wata Juma'a bayan La'asar, shekarar da nake aji huɗu, na ga mahaifina durƙushe kan duwatsun bakin teku yana kallon guntun zare a tafin hannunsa. Hamur ne ya haɗiye ƙugiyarsa, ƙaton kifin nan mai ɓuya cikin duwatsu. Har mun hango bayansa a ruwa, sai zaren ya tsinke. Malam Idi, maƙwabcinmu a unguwar Nuzla ta Jidda, ya tuntsire da dariya: "Sarkin ruwan Yawuri, yau kifin Larabawa ya tambaye ka iƙama, takardar zaman ƙasa!" Baba ko murmushi bai yi ba.

Masunci ne ɗan masunci. Hajji ya kawo shi Jidda, ya zauna yana wankin motoci, fatsar ranar Juma'a ce kaɗai abin da ya rage masa na gida. Ba ya sayen zare da garaje. Sai ya ja shi tsakanin yatsu, ya ɗan cije shi, ya ɗaga shi a haske. Yakan ce, "Ruwan kogi duhu ne, kifi ba ya ganin zare mai kauri. Nan yana gani. In kuma ka sa siriri, dutse ya yanke." Ya sha yawo kafin ya samo wanda ya yi daidai, ya naɗe shi a katako, ya ɓoye cikin gwangwanin madara, don rana tana cinye zare.

Ni na ɗauke shi. Lokacin yaran layinmu na tashin jirgin leda a saman soro, zaren ɗinkin Umma kuwa ba ya kai ko'ina. Kwana biyar ina hawa da zaren Baba cikin tsakar rana, yana gogar bakin katanga, jirgina ya fi na kowa nisa. Ranar Alhamis na naɗe shi yadda na same shi, na mayar. Baba bai sake dubawa ba, tunda ya riga ya duba.

A hanyar komawa daga teku, ranar Juma'ar da zaren ya tsinke, Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, Hamza. Yatsuna sun daina gane zare." Ina riƙe da bokiti ba komai ciki, ban faɗa masa abin da na yi ba. Tsoron duka ne kawai, ba ni da wani uzuri. Daga ranar bai sake zuwa teku ba. Kowace Juma'a sai ya zauna ƙofar gida yana murza yatsunsa, ni kuma ina cewa gobe zan faɗa masa. Kafin shekara ta zagayo aka kama shi ba takarda, aka mayar da shi gida, mu muka koma hannun kawuna. Mun sha yin waya, ban faɗa ba. Can ya rasu.

Yanzu shaguna cike suke da zare iri-iri, kowanne da lambarsa a jiki, ba mai cizawa. Nakan saya in ajiye a gwangwani, ban taɓa jefa shi ruwa ba. Na nemi gafarar Allah, ina kan nema. Amma Baba ya shiga kabari yana zargin yatsunsa, alhali ba su yi kuskure ba.