Ragowar Gari a Cikin Inji

Ni na fara tayar da injin niƙa a ƙauyenmu, kuma ni ne na kusa jawo a ɗauke shi. Ƙauyen yana gefen hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta nufi Gwaram. Kawuna, ƙanin Inna, shi ya sayo injin a shekarun da naira ta shigo, kuɗi suka fara yawo a hannun mutane, kowa yana neman rediyo da keke. Shi a Gwaram yake zaune da harkokinsa, sai ya damƙa mini. Dalilinsa, na yi firamare, ina iya karanta abin da aka rubuta a jikin ƙarfe, kuma ya san ba na wasa da kayan mutane. Bai yi ƙarya ba. Har yau in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon.

Kafin zuwan injin, niƙa aikin dutse ne. Kowane gida da dutsensa a gindin katanga, mace ta durƙusa tun da sassafe tana gurza tana waƙa, in ta gaji waƙar ta koma nishi. Tuwon gida guda, gwiwa da kafaɗar mace ɗaya ke biyan sa. Inji kuwa kafin ka gama gaisawa da mutum ya lashe ƙwarya guda. Ranar da na fara murɗa hannunsa ya kama, har tsofaffi suka fito kallo, wasu suna toshe kunne. Na wuni fari fat tun daga gira har ƙafa. Kakata ta wajen uba, wadda ba ta kira na da komai sai angonta, ta dube ni ta ce ta shiga uku, miji ya yi furfura tun bai kai ta ɗaki ba.

Abin ya tafi daidai har ranar da na niƙa wa wani gida kaura, na bi da farfarar wani gidan. Garin da ya fara zubowa ja ne, alhali farar dawa na zuba. Da yamma na kwance bakin injin na leƙa. Tsakanin faifan ƙarfen nan biyu masu haƙora, da cikin maƙogwaronsa, gari ne maƙale, ya kai cikin tafi biyu. Nan na gane cewa duk wadda aka yi wa niƙa tana barin nata a ciki, tana tafiya da na wata. Kuma da hannuna ake yin haka. 

Na fara kashe injin bayan kowace ƙwarya, in kwance shi, in share da 'yar tsintsiya, in mayar, in sake murɗawa. Wanda ya taɓa tayar da irin wannan injin ya san ba wasa ba ne. Layi ya yi tsawo, tuwon dare ya riƙa makara, magidanta suka fara yi mini kallon banza a masallaci. Duk da haka in na sa yatsa a lungun ƙarfen sai na lakato gari.

Sai na kai maganar wurin Liman. Kuskurena, ban jira ya keɓe ba, na tambaye shi bayan la'asar mutane suna zaune. Ya saurare ni, ya ce abu kaɗan ne, amma haƙƙin bawa, bawa ne ke yafe shi, in masu garin sun yafe wa juna babu komai. Mutane suka ɗauki rabin farko suka shiga da shi gida, suka bar rabin ƙarshe a kan tabarma. Kafin wayewar gari labari ya zama Liman ya ce garin inji cin haƙƙi ne. Ƙorai suka ɗauke ƙafa. Da safe na sake jin gurzar dutse daga kowace katanga, kuma na san ni na mayar da matan nan kan gwiwoyinsu.

Kawu ya zo a kan babur ɗinsa ya tarar da inji a sanyaye. Ya ji bayani bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗan nan, niƙa na ba ka ko hisabi?" Ya ce in ya sake zuwa ya same shi haka, da mota zai zo, ya kai shi Gwaram inda mutane ke cin tuwo ba tare da fatawa ba.

Maganin a fili yake, a yafe. Amma wa zai yafe? Masu garin matan aure ne, suna cikin gida, yara suke aikowa da ƙwarya. Yarinya ba ta da ikon yafe kayan uwarta, ni kuma ƙato ba ni da ikon wuce zaure. Na bi mazan ɗaya-ɗaya, tunda daga rumbunsu hatsin ke fitowa. Suka yi dariya suka ce sun yafe duniya da lahira. Bai amfana komai ba. Matan suka ce da an auna an miƙa musu, hatsi ya zama amanarsu, wanda ba ya tuƙi ba shi da bakin magana.

Inna tana tankaɗe na zauna na zayyana mata. Ita kanta ba ta taɓa aika niƙa wurina ba, ta ce garin inji warin gas yake yi. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni su nawa ke niƙa a dutsen gidanmu. Na ce ita da matan ƙannen Baba. Ta ce to a cikinsu wa na taɓa gani ta wanke dutse bayan ta tashi? Dutse in an koɗa shi, wato an sassare fuskarsa don ya yi kaifi, ramukansa cike suke da garin wadda ta riga ki. Tun tana amarya ta tarar in mace ta miƙe takan ce wa mai jira ta bar mata, ita kuma ta ce ta karɓa, shi ke nan.

"Kai dai ba ka taɓa durƙusawa ba ne," in ji ta. "Da ka sani."

Ta yafa mayafinta ta fita. Kwanaki ta yi tana bin gidaje, har na ƙarshen gari inda ba ta saba shiga ba. Daga baya matan suka ba ni labari, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Tambaya ɗaya take yi, garin da kika bari a dutse, kin taɓa bin sawunsa? In an ce a'a, sai ta ce to ki ba yarinya saƙo ta faɗa da bakinta a gaban ɗana, don shi in bai ji da kunnensa ba ba zai yi barci ba.

Ƙwaryar farko da ta dawo, 'yar da ta ɗauko ta ta yi sallama, ta sauke, ta ce, "An ce a niƙa, an ce an yafe." Ta bayanta ma haka. Cikin ɗan lokaci maganar ta zama kamar gaisuwa, ba mai ajiye ƙwarya bai faɗa ba. Matan rugagen wajen Kiyako da ke kawo gero ranar kasuwa su ma suka ɗauka, wasunsu ba su ma san mafarin ba. Na yi yawo daidai gwargwado, na ga injuna a Birnin Kudu da wasu garuruwa, ban ji inda ake faɗar haka ba sai wurinmu. Ina jin daɗin wannan har raina.

Kakata ce kaɗai ta kawo gardama. Ita tsufa ya ba ta izinin fita, da kanta ta zo da sandarta. Ta ce ta yafe wa ta bayanta, amma ba ta son kyautar ta gabanta in kaura ce, ita tuwon farfara take ci, fari kamar ƙwai. Gaskiya ta faɗa. Daga ranar na riƙa jera ƙorai, farfara ta bi farfara, gero ya bi gero, kaura a ƙarshe. Na tambaye ta ko yanzu ta gamsu. Ta ce ta yafe wa duk matan garin, ni ne dai ba ta yafe wa ba, sai na biya sadakinta.

Kawu ya cika alkawari, ya zo da akori-kura da ƙarti biyu. Tun daga nesa ya ji injin yana bugawa. Ya tsaya a bakin rumfa, hannu a baya, yana kallon ƙoran da suka kai har gindin darbejiya, yana sauraron kowace yarinya tana faɗar saƙonta. Ya matso ya yi mini tambaya a kunne saboda ƙara, na yi masa bayani. Ya daɗe yana girgiza kai, ya ce yayarsa ce kawai za ta iya wannan. Sannan ya kafa mini sharaɗi, duk abin da ya sake damuna, shi zan fara tambaya kafin Liman.

Na ce to, akwai ɗaya. Garin da ke zuba ƙasa, kajin maƙwabta ke tsincewa, ban san matsayinsa ba.

Ya dube ni, ya dubi kajin. Ya ce, "Su ma sai su aiko a ce an gode."

Ya juya ya ce wa direba ya tayar da mota, babu kayan ɗauka.