Dashen Magarya a Gonar Aro

Ranar da na kai mutanen furoje, baƙi masu aikin bunƙasa noma, gonar Zaliha a Tabotaki, ina gaba ina zuba bayani kamar ni na ƙago noma, sai ƙafata ta zurma ramin tassa, irin wanda ake haƙawa don shuka, cike da taki. Na fito, takalmi ya ƙi biyo ni. Zaliha taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Ta ce wa baƙi su bar ni ciki, wataƙila in tsiro in amfani wani.

Baƙin sun zagayo Keita da Madawa suna neman gonakin talakawa da sunka fi bada amfani, don a koyi da su. Gonar Zaliha kuwa a da fako ce, ko akuya ba ta tsayawa. Bayan rasuwar mijinta, Alhaji Rabo ya ba ta aron wurin, don babu mai so. Duk rani tana haƙa ramu da ɗan gatari, tana ɗauko duwatsu a ka tana jerawa don su tare ruwa, tana bin garke tana tsintar kashin awaki. Bayanta ya lanƙwashe kafin hatsi ya miƙe. Da wannan hatsin ta raini ɗiyanta har sunka girma sunka tafi cin rani.

Baƙin sun auna, sun ɗanɗana furarta, sun ce gonarta ce ta ɗaya a duk yankin Buza. Tukuicinta dashen magarya mai aure, wadda anka haɗa da iri mai manyan ɗiya. Don su girmama ta, sunka dasa da hannunsu ran da ta tafi kasuwa.

A wajenmu mai aro yana shuka hatsi, amma ba ya dasa icce. Dasa icce cewa ne ƙasar taka ce. Alhaji Rabo ya rasu tuni. Ɗansa Hamza ya ga magarya jere cikin ƙasar ubansa, ya ji ana cewa "gonar Zaliha" a taron gari. Ta tuge dashen da kanta, ta kai masa har ƙofar gida. Ya ce, "Inna, ba ni da faɗa da ke. Ki girbe na bana, baɗi ni zan noma."

Bayan girbi na tarar da ita tana kwashe duwatsunta a tsohon kwano, za ta kai wani fako bayan tudu. Bakina da bai saba shiru ba ya ce, "Haba taubashiya, ai kin ci riba. Har Yamai an san sunanki, da shi ake koyar da manoma."

Ta ɗora kwanon a ka, ko kallona ba ta yi ba.

"To Lawali, in ka je Yamai ɗin, cika mini buhu da sunan ka kawo. In zuba a turmi mu ga ko za shi daku."