Wuƙar Layya a Hannun Yaya

A gidanmu ba a taɓa kiran wani daga waje ya yanka mana ragon layya ba. Babanmu mahauci ne a Abatuwa, haka ma kakanmu da ya zo Jos zamanin haƙar kuza, kuma abin kunya ne a ji gidan mahauta sun aika neman mai yanka. To, wata shekara can ƙarshen shekarun saba'in, hawan jini ya taɓa Baba a hannun dama. Yana iya ɗaukar kofi, amma rabin shayin a rigarsa yake ƙarewa. Da Babbar Salla ta matso sai ya ce bana Yaya ne zai yanka, tunda shi ne babba. Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai ce ban yi murna ba, don na san abin da ba su sani ba.

Lokacin ina koyon ɗinki a kasuwar Terminus, a shagon wata mata Ibo. Mijinta yana gyaran rediyo a shagon da ke manne da namu, katako ne kawai ya raba mu. Oga muke ce masa, dattijo ne da ba ya fashin coci. Yaya kuwa yana jami'a, ya tara suma, ya daina sa hula, ba shi da zance sai na talaka da juyin juya hali. Da la'asar yakan biyo ya ɗauke ni, amma sai ya fara zama a bencin Oga su yi ta musu. Da farko na ɗauka siyasa ce. Ranar da na tsayar da keken ɗinki na kasa kunne, sai na ji yayana, wanda ya sauke Alƙur'ani aka yi masa walima, yana cewa babu Allah, mutane ne suka ƙirƙiro shi saboda tsoro.

"Kai, duba wannan rediyo," in ji Oga, da irin Hausarsa. "Buɗe baya, ka gani waya waya. Ita ya haɗa kansa? Wani ne ya haɗa."

"Wanda ya haɗa rediyo ina iya zuwa ƙasarsu in gan shi, Oga, har mu gaisa. Naka fa? Kuma in yana nan, ina yake lokacin da ƙyanda ke kwashe yara?"

Oga ya ajiye rediyon. "Ni na binne yaro biyu lokacin yaƙin basasa," ya ce. "In babu Allah, to gaya mini, suna ina?"

Duk da haka Yaya bai janye maganarsa ba. Washegari suka ɗora daga inda suka tsaya. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni kunya: Kirista ne ke kare Allah a gaban ɗan gidanmu, ni kuwa ina bayan katako ina ɗinka hannun riga a baibai.

Ni 'yar mahauta ce, tun ina ƙarama na san hukuncin. Yankan wanda bai yarda da Allah ba mushe ne. Naman nan kuma ba mu kaɗai za mu ci ba, za a kai wa maƙwabta, a kai wa dangi har Kabong, a soya wanda za a daɗe ana ci. In na yi shiru, na ciyar da unguwa mushe. In na gaya wa Baba, likita ya riga ya ce a kiyaye ɓacin ransa. Na rame a tsaye. Innarmu har ta fara tsokanata wai ko wani saurayi ne ya yi mini alkawari ya saɓa.

Ana saura 'yan kwanaki na tare Yaya a bayan gida yana zuba wa ragon dusa. Na ce masa na ji komai.

"Ashe kunnenki ya fi kekenki aiki," ya ce, yana dariya. "Bismilla ce fa kawai. Zan faɗa, da ƙarfi ma."

"Bakinka ne zai faɗa, Yaya."

"Ragon ba zai san bambanci ba."

"Baba ne zai ci, ba ragon ba."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce in tafi in ba shi wuri, na tafi ina jin kamar in shaƙe shi.

Ranar Salla aka tashi da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Maza suka dawo daga Idi, aka dakata har labari ya zo liman ya yanka nasa. An haƙa rami don jini, an kwantar da rago yana fuskantar alƙibla. Baba da kansa ya miƙa wa Yaya wuƙarsa ta aiki, wadda ba ya barin kowa ya taɓa. Ina tsaye riƙe da buta, ruwan yana zuba a ƙafata ban sani ba.

Yaya ya durƙusa, ya shafa wuyan ragon, ya ɗora wuƙa. Sai ya tsaya. Ya daɗe a haka har Inna ta leƙo daga madafa. Can ya miƙe, ya juya wuƙar, ya miƙa wa Baba ƙotar.

"Baba, ba zan yanka ba. In na yanka, ba za ka iya ci ba."

Mahauci ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan magana. Na zuba wa fuskar Baba ido, ina jiran in ga ya faɗi. Bai faɗi ba.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Baba ya karɓi wuƙar. "Danne mini shi," ya ce. "Wannan kam an yarda ka yi."

Yaya ya danne ragon da gwiwa. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya tallafe hannun dama da na hagu, ya yi bismilla, ya yi kabbara, ya yanka. Ban taɓa ganin yanka ya ba shi wahala haka ba, gumi har ya jiƙa masa hula a cikin wannan sanyi. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu, shi da Yaya a buta ɗaya. Baba bai ɗago kai ba ya yi wa Yaya magana, a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba.

"Ranar da na mutu, kada ka shiga sahun sallar jana'iza don idon mutane. Amma ka kama makara, ita kowa yana iya ɗauka."

Yaya ya ce to. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya sake faɗa.