Rumbun da Muke Haya

Shekarar da na kama aikin sakatariya a koperatif ɗin manoman Madarunfa, na tarar da rumbu biyu. Ɗaya na gero ne. Ɗayan haya muke yi a intanet, can ake tara bidiyon gonakin 'yan ƙungiya. Shi ba ya cika, amma duk abin da aka zuba, ƙarshen wata sai faktir, takardar kuɗin haya, ta ƙaru.

An ce kowa ya ɗauki bidiyon iyakar gonarsa, minti ɗaya kawai. To wa zai nuna gona bai gaisa ba? Sai an tambayi gajiya da gida da ruwa, an aika gaisuwa har garuruwan Safo da Gabi, sannan a fara taka gona. Faktir ta soma cin kuɗin irin wake, ni kuma ga saurin fushi. Na rantse sai na goge tsofaffin bidiyon nan.

Ma'ajiyarmu dattijuwa ce, Inna muke ce mata. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma dala ɗaya ba ta ɓace mata.

Da ta ji niyyata sai ta ce, "Ɗiyata, har na waɗanda sunka rasu?"

"Duka, Inna. Mamaci ai ba ya noma."

Bakina ya riga hankalina. Na manta mijinta da kakar bara ya rasu. Kunya ta rufe ni.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Tsohon hatsi ba a zubda shi. Mai rumbun ga ba shi da wani lungu mai arha?"

Akwai kuwa, ni ce ban duba ba. Ajiya ce mai rahusa, sai dai in kana son kayanka ka jira kafin a fito maka da su. Kwana uku ina kwashe tsofaffin zuwa can. Faktir ta sauko, muka sayi irinmu.

Guda ɗaya na bari a kusa. Na kira Inna buro, ɗan ofishinmu, na kunna mata. Ga mijinta, hula a karkace, yana ta gaishe-gaishe, gona ko alama. Can ya ce, "Ku gaishe min da ma'ajiya, ku ce ta rage tsanani."

Inna ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

"Dube shi, har yau bai kai gonar ba. Maido min shi farko, ɗiyata."