Illa, Mai Rama Gayyar Lakwal

Da an idar da sallar asuba, Illa zai sha furar da matarsa Balki ta dama masa, ya saɓa hauya, ya bi ta bayan kasuwar Matameye inda rumfunan lakwal, wato makarantar boko, suke. Ba ya shiga aji, bai ma taɓa shiga ba. Gona yake zarcewa, wadda ta shimfiɗe daga bayan rumfunan har gindin tsamiya. Ya duba shinge ko awakin unguwa sun yi ɓarna, ya leƙa rumbu ko gara ta shiga, sannan ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza. In yara suka fara rera karatunsu na Faransanci sai ya riƙa gyaɗa kai kamar mai ganewa, alhali ko kalma guda bai sani ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Haka yake tun lokacin da Nasara suka kafa lakwal a garin nan. Bana ya ajiye aikin, domin bayansa ya ce ya gaji. Gara a faɗi abin da ya yi yanzu, tun yana nan yana jin mu, ko da zai ce mun cika surutu.

Matasan yau ba su san yadda lakwal ya faro ba. Nasara ya aiko malami, Mushe Inusa mutumin Damagaram (Mushe ake ce wa malamin lakwal), da allon bango da alli, ya ce kowace unguwa da kowane ƙauye su ba da yaro. Albashin Mushe daga sama yake zuwa. Amma tuwon yara da allunansu da gyaran rumfa, aka ce lakwal ya ci da kansa. Sai aka yanka masa gona, manomanta kuwa yaran ne. Aka ɗora Illa a kansu ya koya musu riƙon hauya, don duk unguwarsu ba mai shan gabansa a noma. Cikin yaran har da autansa Ɗan'azumi, wanda mai unguwa ya nuna da sanda ranar da aka zo ɗiba.

Sai karatu ya zama ɗan rakiya. Da kaka yara na girbi da cirar gyaɗa, da bazara suna shara da kai taki a ka. Da damina kuwa, lokacin da ya kamata a sallame su hutu, sai a riƙe su noma. Yaro ya shiga aji hannu duk kanta, ya kifa kai a kan allo, sai minshari. Na ƙauye su gudu, a kamo su, su sake gudu. Kowace shekara ana kai manyansu Damagaram jarrabawar sartifika, su dawo yadda suka tafi, ba abin da suka ƙaru da shi sai faso.

Wata bazara Nasaran da ke duba makarantu ya zo. Ya yi wa yara tambaya, suka zuba masa ido, ya rufe littafinsa ya yi wa Mushe doguwar magana ya tafi. Da hantsi Mushe ya tarar da Illa yana ƙone karan bara.

"Baba Illa, lakwal ya mutu," in ji Mushe.

"To a binne shi mana, Mushe. Wa ka ga zai yi kuka?"

"Kai za ka yi. In baɗi ba wanda ya ci jarrabawa, rufewa za a yi. Kuma ba sakin yaran za a yi ba, kwashe su za a yi zuwa babban lakwal na Damagaram. Har da Ɗan'azumi."

Dariyar Illa ta ɗauke. Ya san yaran da aka kai can: sai shekara ta zagayo uwa take ganin ɗanta, wani ma ya dawo yana yi wa gidansu kallon baƙo. Ranar nan Illa ya ji tsoro, bai kuma taɓa musun haka ba.

"Me ke hana su ci, Mushe?"

"Gonar nan."

"In aka bar gonar fa?"

"Yunwa ta kore su."

Illa ya ce, "To yara su zauna a aji. Gona ka bar mini ita."

Gayya ya yi niyyar kira. Sai dai a wancan lokaci duk aikin da ya fito daga wajen Nasara sunansa aikin dole: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki. Ba wanda ke zuwa sai da bulala a bayansa. Ranar kasuwa Illa ya sayi goro ya nufi majalisar dattawa. Maƙwabcinsa Sallau, mutum mai kaifin baki, ya karɓi goron ya jujjuya shi bai ɓare ba.

"Illa, tsufa ne ya fara taɓa ka? Gayya ai ramawa ake yi. Na zo gonarka, ka zo tawa. To shi lakwal ɗin nan, ranar da na kira, wace hauya zai saɓo? Ko Mushe ne zai zo mini da wandonsa mai guga?"

Majalisa ta fashe da dariya. Illa ya bari suka gama.

"Ni zan zo," ya ce.

"Kai kaɗai? Ka ko duba yawanmu?"

"Duk wanda ya taka gonar lakwal, gonata ya taka. Ranar da ya kira tasa, in bai gan ni ba, ya tsaya tsakiyar kasuwar nan ya ce Illa maƙaryaci ne."

Sallau ya ɓare goron, yana cewa shi dai kallo za shi.

A gida Balki ta riga ta ji labari, don a Matameye magana ba ta jiran mai ita.

"Maigida, bayan naka na ƙarfe ne? Tamu gonar fa, wa zai nome ta?"

"Tamu gonar ba inda za ta, Balki. Yaron ne za a tafi da shi."

Ta tashi ta jiƙa geron furar gayya, ta aika a kira mata maƙwabta daka.

Ranar noman fari makaɗa suka ɗauki ganga tun safe. Maza suka jera a bakin gona, aka saki kiɗa, ƙasa ta fara tashi. Mushe Inusa ya naɗe ƙafar wandon nan mai guga yana jido ruwa a tulu, Sallau mai cewa kallo za shi yana cikin sahu da hauya yana yi masa kirarin tsiya. Yara kuwa an sallame su hutu kamar na kowane gari, uwaye na ta shafa kawunansu suna cewa sun rame. Kafin azahar aka gama abin da yara ke wata guda suna fama da shi.

Daɗin gayya ke nan. Wuyarta sai da aka fara kiran ramuwa. Duk daminar nan Illa bai san hutu ba. Yau yana gonar wane a hanyar Kance, gobe yana ta wane a hanyar Dungu. Sallau, don ya gwada shi, ya sa tasa gayyar rana ɗaya da ta wani, gonakin kuma gabas da yamma. Illa ya yi wa wancan safiya, ya ratso gari da hauya a kafaɗa, rana na tsakar ka, ya shiga sahu a gonar Sallau ko ruwa bai tsaya sha ba. Waɗanda suka gani suna nan da ransu. Gonar Illa ita ce ta ƙarshe a noma, kuma abin da ya girba a shekarar bai cika rumbu ba. Balki ta rage yawan tuwo, ba ta kai ƙara wajen kowa ba.

Wani abin da ba wanda ya shirya shi ma ya biyo baya. Da aka ɗaure dammunan lakwal, waɗanda suka yi noman suka ce sai sun ga inda hatsin za shi. Suka zauna gindin tsamiya da Mushe da mai unguwa, aka ware na ci, aka ware iri, aka ce gyaɗa a sayar a sayo alluna da alli. Tun daga nan zaman ya zama al'ada. Sallau mai dariya shi ya fi kowa zaƙewa. In ya ga ɗan lakwal na gararamba a kasuwa sai ya kamo kunnensa har gaban Mushe, yana cewa, "Da gumina a tuwon da yaron nan ke ci, ba zai ci shi a banza ba!"

Da aka dawo daga jarrabawa, mai shela ya zaga gari: yaran Matameye sun ci, ba ma ɗaya ba. Ummaru ɗan mai kitso shi ne kan gaba. Lakwal ya tsaya, ba a kwashe kowa ba. Mata suka yi ta guɗa har muryoyinsu suka dishe.

Ɗan'azumi dai bai ci ba. Da shekara ta zagayo ya sake faɗuwa, aka sallame shi, ya dawo ya ɗauki hauya yana murna kamar wanda aka ba doki. Kowa ya ɗauka gayya ta ƙare ke nan. Sai ga Illa a majalisa da goronsa, ana gab da shuka.

"Naka ai ya fito," in ji Sallau. "Me kuma ya rage?"

"Nawa ya kwana a gida har ya gama faɗuwarsa, na gode Allah. Na sauran mutane fa? In na daina yau, ashe ba gayya na kira ba, wayo na yi muku."

Kai ne, Illa, ka ba da bayanka jingina a madadin lakwal ɗin da ba ka taɓa zama cikinsa ba. Kai ne na farkon shiga sahu, na ƙarshen noma tasa gonar. Damina bayan damina kana rama gayyar 'ya'yan wasu, ba albashi, ba lambar yabo, ko sunanka Nasara bai sani ba. Gwanin hauya, mijin Balki, wanda bai taɓa barin a kira shi maƙaryaci ba.

Bana da ruwa ya sauka, bayansa ya ƙi miƙewa. Ciyawa ta rufe geronsa, yana zaune a zaure yana cizon yatsa. Wata safiya sai ya ji ganga ta nufo gonarsa. Ya dogara sanda ya fita. Ga Ummaru, wanda yanzu yake yi wa mutane allura a asibiti, ga malaman lakwal, ga masu aikin gidan waya, duk tsofaffin yaransa, sun naɗe wanduna sun jera. Ɗan'azumi ne a gaba, don cikinsu shi kaɗai ya san inda hauya ta dosa. Sauran kuwa, Allah ya kyauta: suna sare gero suna barin ciyawa, Illa na ihu daga bakin gona, Balki na dariya har da hawaye.

Da suka zauna shan fura, hannuwa duk sun yi ƙuraje, Illa ya gyara murya.

"To, kowa ya gaya mini inda gonarsa take. In baya ya sake ni, ina nan zuwa."

"Baba, wace gona?" in ji Ummaru. "Ai ba mu da ita. Kai ka raba mu da hauya."

Illa ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga, yana cewa ƙasa ce ta faɗa masa.

Mun gode, Baba Illa. Mun gode, Inna Balki. Allah ya saka muku, ya miƙe wannan baya. Ku kuma jama'a, gonar lakwal tana nan, ciyawa ba ta san Illa ya tsufa ba. Ɗan'azumi ya riga ya kai goro majalisa, ya ce ramuwa a wuyansa take. Ranar da kuka ji ganga a bayan kasuwa, ku saɓa hauya ku fito, kada ku bar shi ya rama shi kaɗai kamar ubansa. In kuna son ganin ladan aikin, ku bi ta ƙofar gidan Illa da la'asar. Za ku tarar da tsohon a zaune yana kallon hanya, har jikansa ya ɓullo daga lakwal da allo a hammata, ya shige gida cin tuwo.