Shuɗiyar Igiyar da Kawu Ya Kawo

Jiya a kasuwar Azare na wuce inda aka jiƙa rama, warin ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu na ƙauye, can gefen Katagum.

Kakana ne mai tufka igiyar gugan gidan. Duk shekara in an gama girbi yakan zauna gindin tsamiya, ya naɗe wando, yana murza rama a cinyarsa. In ya gama ba ya aiken kowa, da hannunsa yake miƙa wa Kakata. Ita kuma ta ja, ta taɓe baki ta ce, "Ta bara ta fi."

Wata bazara, rijiya ta yi ƙasa, Kawu ya zo daga Azare da shuɗiyar igiyar roba, doguwa, mai sheƙi. Ya ce wannan ba ta ruɓewa, Malam ya huta. Muka yi ta shafa ta. Kakana ya ajiye tufkar da ya fara. Ya tattare ramarsa ya shige ɗaki. Gindin tsamiya ya zama na kaji, tuwonsa ya riƙa dawowa da saura.

Wata safiya na bi Kakata rijiya. Ta ɗaura sabuwar igiyar a kunnen guga, ɗauri ɗaya tak, ita da ta saba yin uku. Ta zura. Guga ya cika, ta ja, igiya ta taho fayau ba komai.

Ko salati ba ta yi ba. Ta dawo ta tsaya ƙofar ɗakinsa.

"Malam, abar ɗanka ta zubar min da guga. Da ƙishi za mu wuni?"

Ya fito da ƙugiya da igiyar rama, sabuwa fil, yana faɗa, "Ai na san za a yi haka!" Ashe a ɓoye ya ƙarasa tufkarta. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Da na girma na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke, roba ce, santsi gare ta."

Yau famfon sola ke ba ƙauyen ruwa, an rufe rijiyar da faifan siminti. Na karanta littattafan soyayya ba adadi, masoya na ta rantsuwa da wata da taurari. Har yanzu ban ci karo da wadda ta jefa guganta a rijiya don mijinta ya ci abinci ba.