Sandar Kaka a Hannun Hagu

Har yau in na ji ƙarar sanda a kan daɓen siminti, sai haushin Kakata ya taso mini sabo, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba.

A Fagge muke zaune. Sana'arta ɗauko atamfa daga Kantin Kwari, ta bi gida-gida a Sabon Gari tana sayar wa matan Yarbawa. Shekarun nan kuɗin fetur ya shigo, kowa ɗinki yake yi, ɗaurin da take ɗorawa a ka kullum sai ƙara girma yake. In ta dawo da la'asar, tun daga zaure nake jin tana jan ƙafar hagu. Ɗakinmu ɗaya, don haka warin man zafin da take shafa wa kwatangwalonta har a zanen makarantata.

Kawuna, ɗanta na fari, shi ne mai auna kaya a tashar jirgin ƙasa. Da aka yi ƙarin albashi ya biya mata kujerar Makka. Burinta guda ne, ta yi ɗawafi da ƙafarta. Ya kai ta asibiti, ya dawo da sanda da bayanin likita. Bai tsaya nan ba, sai da ya ɗauki ɗaurin atamfar ya aza a sikelin tasha, sannan ya zo ya zauna a tabarma da fensir yana lissafi.

"Inna, duk takun da kika yi, ƙafa ɗaya ce a ƙasa. Nauyinki da na kayan nan a kwatangwalo guda suke sauka, kuma sai sun kusa ninki uku. Ki rage kaya, ki riƙe sandar nan a hannun dama."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Damar lafiyarta ƙalau. Kai in katanga ta tsage, ta ɗaya ɓangaren kake tokare ta? Kuma da wane hannun zan miƙa wa mutane kaya? Da hagu, kamar marar tarbiyya?"

Ya zana, ya goge, ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakar gida yana nuna mata. Ta ce boko ya taɓa shi. Ni ma na sa baki, ta ce yaushe aka yaye ni. Haka ta ci gaba duk daminar nan, sanda a hagu, kaya a ka, tana karkacewa kamar amalanke mai taya ɗaya. Wallahi har kukan takaici na yi.

Ta je Makka. Amma ranar da ta dawo, gida cike da 'yan sannu da zuwa, ba ta ce uffan kan ɗawafi ba. Wata abokiyar tafiyarta ce ta faɗa mana: zagaye biyu ta yi ƙafar ta ƙi, sai ɗaukar ta aka yi a kan gadon katako. Da mutane suka watse ta kira Kawu, ba ta dube shi ba ta ce, "Ɗauka ta suka yi a ka, kamar ɗaurin atamfa." Washegari muka ga sandar a hannun dama.

Yanzu babu mai ɗaukar atamfa a ka zuwa Sabon Gari, sai a keken A Daidaita Sahu. Ni ce da ciwon kwatangwalon hagu, kuma bana nake sa ran tafiya Makka. Jiya 'yata ta kama ni a ƙofar gida, na mayar da sanda hagu don in gaisa da baƙuwa. Ta buɗe baki za ta fara, na ce ta yi mini shiru, na sani tun ba a haife ta ba.